Auna Sautin Maganar Wanda Ya Samu Shanyewar Ɓarin Jiki

Idan jini ya toshe ko ya fashe a ƙwaƙwalwa, musamman a ɓangaren hagu, sau da yawa magana kan rikice. Wani kalmomin ne suke ɓace masa, wanda likitoci ke kira afeshiya. Wani kuwa ya san abin da zai faɗa, amma harshe da leɓe da maƙogwaro sun yi rauni. Tun a 1861 likitan Faransa Paul Broca ya danganta rasa magana da lahani a gaban ƙwaƙwalwa ta hagu.

Kunne kaɗai ba koyaushe yake iya rarrabe waɗannan kurakurai ba. Shi ya sa ake ɗaukar muryar majiyyaci a saka ta a kwamfuta, a auna tsawon kowane sauti da kaifin murya da manhaja irin su Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amstadam. A 1980 Sheila Blumstein da abokan aikinta a Amurka suka auna ɗan lokacin da ke tsakanin buɗe leɓe da kaɗawar tantanin maƙogwaro. Sai suka ga masu lahani irin na Broca sukan furta sautin da ya faɗa tsakanin "b" da "p" na Turanci. Wato ba kuskuren zaɓen harafi suka yi ba, tsara motsin baki ne ya kuɓuce musu, kuma horon da ya dace da su daban ne.

Ga 'yan'uwanmu mazauna Jidda, a nan ne matsalar take. Dattijon da aka kwantar a asibiti, ko a Abhur ta Arewa inda Cibiyar Lafiya ta Sarki Abdullahi take, ko a cikin gari, galibi da Larabci ko Turanci za a gwada maganarsa. Alhali Hausa tana da abin da waɗannan harsuna ba su da shi. Akwai "kafa" da "ƙafa", akwai "bari" da "ɓari". Karin sauti ne kawai ya raba kukan yaro da kukar miya, Larabci kuwa ba ya raba kalmomi ta wannan hanya. Tsawon wasali, kamar garin Kano da garin masara, shi ma ana auna shi.

Don haka iyali su gaya wa mai koyar da magana cewa Hausa ce harshen farko na majiyyaci. Su riƙa ɗaukar muryarsa da waya a ɗaki marar hayaniya, yana maimaita kalmomi iri ɗaya kowane mako, su kai wa likita don a kwatanta.