Kuɗin Sanyi: Tarihin Ƙanƙara Da Injinta

Sana'ar sayar da ƙanƙara ta girmi injin da ke yin ta. A 1806 wani matashin ɗan kasuwa na birnin Boston a Amurka, Frederic Tudor, ya sa aka sassaro ƙanƙarar da hunturu ya daskarar a kan tafki, ya loda ta a jirgin ruwa zuwa tsibirin Martinique mai zafi. Asara ya tafka, daga baya har bashi ya kai shi gidan yari, amma bai saki sana'ar ba. A 1833 jirginsa ya tashi da tan 180 zuwa Kalkata ta Indiya, tafiyar wata huɗu, ya isa da kimanin tan 100 ba ta narke ba. Da garin katako Tudor yakan tsare ƙanƙararsa, wanda masu yankan katako ke zubarwa a banza. Duk wanda ya taɓa sayen ƙanƙara a bakin titi da azumi ya ga wannan dabara da idonsa: buhu, garin katako da inuwa.

Na fara da Tudor ne domin ya gane abin da har yau nake fama in fahimtar da masu kawo mini aiki, wato ribar mai sayar da sanyi tana cikin abin da ya hana ya salwanta. Tun farkon shekarun 1990 nake gyaran firiji da firiza da injin ƙanƙara a Kano. Na ga masu zoɓo da masu kifi da masu kemis ba iyaka waɗanda kwamfuresa ta cinye musu uwar kuɗi ba su sani ba, suna ta ɗora laifin a kan kasuwa.

Kakanninmu sun san sanyi tun kafin inji. Ga randa a inuwa, ga tulu, ga salkar da matafiyi ke ratayawa. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, kuma duk ruwan da zai zama tururi sai ya kwashi zafi ya tafi da shi. Busasshiyar iskar Arewa ta dace da wannan aiki, shi ya sa randa ta fi sanyaya ruwa a Katsina fiye da Legas. Firiji ma hakan yake yi, sai dai shi ba ya barin tururin ya tsere. Gas ɗin da ke cikin bututu yana tafasa a cikin akwatin ya kwashi zafin kaya, kwamfuresa ta zuƙo shi ta matse shi, ya fita bayan firiji ya sauke zafin a kwandensa, ya koma ruwa, ya sake zagayowa. Maigidan da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, yakan kwatanta kwamfuresa da mai jan ruwa a rijiya: zurfin rijiyar shi ne tazarar da ke tsakanin sanyin ciki da zafin waje. Kowane digiri ɗaya da ya ƙaru a wannan tazara yana ƙara wutar da inji ke sha da kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari. A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, firizar kifi kuwa so take ta sauka 18 ƙasa da sifili. Rijiyarmu ta fi ta Turai zurfi nesa ba kusa ba.

Injin farko mai wannan zagaye Jacob Perkins ne ya yi masa rajista a Landan a 1834, amma bai shiga kasuwa ba. Wanda ya mai da shi abin dogaro shi ne Carl von Linde, malamin jami'a a Munich ta Jamus, wanda kamfanonin giya suka ɗauki nauyin aikinsa saboda suna bukatar sanyi duk shekara. Ina ganin girman Linde a kan abu guda: ya zauna ya lissafa sanyi nawa ake samu daga kowane awo na kwal da aka ƙona, ya gina injinsa a kan wannan lissafi. Injinsa na 1876 mai aiki da amoniya ya bazu a duniya, kuma har gobe manyan ɗakunan sanyi da amoniya suke aiki, domin tana da araha kuma tana ba da sanyi mai yawa da wuta kaɗan. Sai dai tana da guba, ba a ajiye ta kusa da yara. Abu biyu suka shigo da sanyi kanti da gida. A 1927 kamfanin General Electric ya fito da firijin da aka rufe injin lantarkinsa da kwamfuresarsa cikin tukunyar ƙarfe guda, kakar wannan baƙar tukunya da kowa ke gani a bayan firiji. A 1930 kuma Thomas Midgley ya bayyana gas ɗin Freon, wanda muke kira R12, ba ya kama wuta, ba ya shaƙe mutum. Tsoro ya kau, wuta tana da araha a Amurka, sai aka yi shekara arba'in firiji yana ƙara girma, bangonsa yana ƙara sirancewa, ba mai tambayar nawa yake sha.

A wajenmu, da kananzir sanyin inji ya fara shiga karkara. Wasu ɗalibai biyu 'yan Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, su suka ƙirƙiro firiji marar kwamfuresa a 1922, kamfanin Electrolux ya yaɗa shi. 'Yar fitila ce a ƙarƙashinsa. Mai da yawa yake sha, sanyi kaɗan yake bayarwa, amma ba ruwansa da wutar lantarki, kuma da shi asibitocin ƙauye suka daɗe suna ajiye allurar rigakafi. A 1957 Michael Ibru ya fara shigo da daskararren kifi Legas. Da fari mutane sun ƙyamace shi, suna cewa kifin ɗakin gawa ne, amma arha ta yi rinjaye, motoci masu sanyi da ɗakunan ajiya suka bi kifin har Arewa. Sai kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka faɗo a 1975, firiji ya shiga gidan ma'aikaci, ya shiga kayan ɗakin amarya, Thermocool yana haɗa shi a Legas. Babban abin da ya biyo baya a cikin gidaje ya faru. Matar aure da ba ta fita kasuwa ta samu jari a tsakar gidanta: ƙanƙara a leda, zoɓo, kunun aya, lamurje. Gidaje da yawa a Kano da firiza guda aka biya kuɗin makarantar yara.

A daidai wannan lokaci hanyarmu da ta masu ƙera injin ta rabu. Tsadar man fetur ta 1973 ta girgiza su. Jihar Kalifoniya ta kafa dokar iyakance wutar da firiji zai sha a 1976, Amurka gaba ɗaya ta bi sahu da dokar 1987, Turai kuma ta tilasta manna takarda mai haruffa daga A zuwa G a jikin kowane sabon firiji a tsakiyar shekarun 1990. Kamfanoni sun yi ƙorafi, amma sun yi aikin: aka ƙara kaurin bango da kumfa mai tsare sanyi, aka gyara robar ƙofa, aka faɗaɗa kwandensa, aka rage gogayya a cikin kwamfuresa. Firijin gida na Amurka a yau yana shan kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da na shekarun 1970 yake sha, alhali ya fi shi girma. Ta wani ɓangaren kuma, a 1974 masana biyu, Mario Molina da Sherwood Rowland, suka nuna cewa R12 da danginsa suna cinye rufin ozon da ke tace hasken rana mai cutarwa a sama. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 da gyare-gyarenta suka yanke masa hukunci: ƙasashe masu arziki su daina yin sa zuwa 1996, irin namu zuwa 2010.

To ina tsofaffin firijin da ƙasashe masu arziki suka yar suka tafi? Nan suka zo. Tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, sabon firiji ya fi ƙarfin ma'aikaci, sai kasuwa ta cika da 'yan kwatano. A cikinsu na koyi aiki. Yawancinsu an ƙera su ne domin ɗakin da zafinsa ba ya wuce digiri 32, aka kawo su shagon kwano a Sabon Gari. Kwamfuresar da aka tsara ta riƙa hutawa sai ta wuni ta kwana tana kuka. Ga wutar NEPA mai rauni tana ƙona waya, ga ƙurar hunturu tana toshe kwandensa, ga mai shago ya manna firizar da bango don ya samu wurin tsayawa.

Dole a yaba wa masu walda da masu gyara na wancan zamani. Da ƙarfen gida da bututun jan ƙarfe da kwamfuresar da aka ciro daga tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki suka riƙa haɗa injin ƙanƙara mai daskarar da leda ɗaruruwa a dare, ba wanda ya ba su zane, ba wanda ya ba su rance. Su suka riƙe garin nan da sanyi a azumin bazara. Amma sana'ar ta ɗauki halaye da har yau ba ta yar ba. Mai kaya zai ce, "Malam, cire mini wannan abin da ke kashe ta, so nake in wuta ta zo ta yi ta aiki." Sai a cire tamostat a haɗa waya kai tsaye. Ana ɗura gas ba sikeli, da tafin hannu a kan bututu ake auna shi. Ba a zuƙe iska da danshi daga bututu kafin ɗuri. Da R12 ya yi wuya, aka riƙa zuba gas ɗin R134a a kwamfuresar da man cikinta bai dace da shi ba. Kowanne daga cikin waɗannan yana ƙara shan wuta, yana rage kwanan inji.

Me ya sa ba wanda ya damu? Domin babu mita. Takardar kuɗin wuta ƙiyasi ce, ko firizarka ta sha kaɗan ko ta sha da yawa abin da aka rubuta za ka biya, man janareta kuma a lokacin yana da tallafi. Mai hankali a lokacin arhar saye yake dubawa, kuma ban ga laifinsa ba. Laifin yana wuyan tsarin da ya ɓoye wa mutane kuɗin sanyinsu shekara da shekaru.

A cikin wannan zamani ne Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa kuma ɗan gidan magina tukwane, ya koma ga randa. Tukunya ƙarama cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a baki. Yalon da kan lalace a kwana uku ya kai kwana 27, kuma a 2000 aka ba shi kyautar Rolex. Tukunyarsa ba ta yin ƙanƙara, ba ta riƙe kifi, amma ta nuna cewa ba kowane kaya ne ke bukatar kwamfuresa ba. Mai tumatir da alayyafo sanyi kaɗan da danshi yake nema.

Gana ta tunkari matsalar kai tsaye. Daga 2013 ta aiwatar da hana shigo da tsohon firiji, ta tilasta takardar taurari a jikin sabo, ta kuma yi shirin karɓar tsoho a rage wa mutum kuɗin sabo. A Najeriya ma tsohon firiji da tsohuwar kwamfuresa suna cikin jerin kayan da aka haramta shigo da su, amma kowa ya san inda ake sayar da su.

Abin da doka ta kasa, tsada ta yi shi cikin shekara guda. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin Band A daga kusan naira 68 zuwa 225 a kowane yunit. Ga mita mai kati tana ƙirga a gaban idon mai shago. Yanzu masu kawo mini aiki da kansu suke tambayar abin da Linde ya tambaya, kuma amsoshin suna nan. Akwai kwamfuresa mai inbata, wadda ke rage gudu idan sanyi ya kai maimakon ta mutu ta sake tashi da ƙarfi. Ita ce ta sa firiza ke iya aiki da sola, domin ba ta fizgar wuta wajen tashi. Akwai gas ɗin R600a da R290, waɗanda wani ƙaramin kamfani a gabashin Jamus, Foron, ya dawo da irinsu kasuwa a 1993 tare da ƙungiyar Greenpeace. Suna sanyi da wuta kaɗan, kuma ba sa cikin waɗanda yarjejeniyar Kigali ta 2016 ta ce a rage, irin su R134a da R404A. Amma suna kama wuta, kuma 'yan giram kaɗan ake zubawa, don haka wanda ba shi da sikeli kada ya taɓa su, kada kuma a zuba gas ɗin girki a madadinsu. A manyan kantuna sanyi yakan ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na wutarsu, wani lokaci har rabi, shi ya sa a 2012 manyan kantunan Faransa suka amince su sa ƙofar gilashi a akwatunan madara da nama da a da suke buɗe. A Najeriya kuma, tun 2015 Nnaemeka Ikegwuonu ya fara kafa ɗakunan sanyi masu sola na ColdHubs a kasuwanni, mai kayan gwari ya biya kuɗin kwando ɗaya na kwana ɗaya maimakon ya sayi inji.

Ba kowa ke da kuɗin sabuwar firiza ba, na sani. Amma goge kwandensa da buroshi kyauta ne, matsar da ita taki ɗaya daga bango kyauta ne, haka kankare ƙanƙarar da ta taru a ciki, robar ƙofa kuwa ba ta kai kuɗin man kwana biyu ba. Abokan sana'ata, don Allah mu mayar da tamostat inda aka ciro shi, mu sayi sikeli da injin zuƙe iska ko da karo-karo ne, mu koya wa yaranmu na shago aiki da su. Kai kuma mai shirin sayen firiza kafin azumi, ka zagaya bayanta ka karanta ɗan farantin da ke manne. Idan ka ga harafin N, ta ɗakin digiri 32 ce. Idan ST ne, iyakarta 38. Wadda aka ƙera domin zafi irin namu ita ce mai harafin T, tana jure har digiri 43.