Masu Masaukin da Fim Ɗin Jaguar Ya Wuce

A 1954 Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fina-finai, ya bi wasu samari uku daga Ayoru, a bakin kogin Kwara cikin Nijar, zuwa ƙasar da yau ake kira Gana. Fim ɗin, Jaguar, bai fito ba sai 1967. Damure Zika da Lam makiyayi da Illo masunci sun yi ƙwadago a Akra da Kumasi, suka haɗa jari suka kafa tebur a kasuwar Kumasi, daga bisani suka koma Ayoru suka rabar da tsarabar da suka tara. A idon fim ɗin gida shi ne inda ɗan cin rani yake komawa, kudu kuwa wurin nema ne kawai. Wannan rabin labari ne, domin baƙon da ya sauka tashar mota ba a titi yake kwana ba. Akwai maigida a zango mai ba shi ɗaki a zaure, ya tsaya masa wajen neman aiki, ya riƙe masa ajiya, kuma shi wannan maigidan ba ya shirin komawa ko'ina.

Zaman irin waɗannan gidaje ya girmi kyamarar Rouch nesa ba kusa ba. Fataken Kano da Katsina sun daɗe suna kai kanwa da tufafi Salaga a ƙasar Gwanja, su ɗauko goron Asante. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, yawancinsu ba arewa suka nufa ba. Sun bazu Karaki da sauran garuruwa da iyalansu. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, a Karaki ya yi limanci har ya rasu a 1934. A Akra kuma Malam Bako ya kafa Sabon Zango tun farkon ƙarni na 20, ya raba filaye aka gina gidaje. Mai niyyar tashi gobe ba ya gina masallaci da makarantar allo.

Wani zai kawo hujja da Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Gana ƙarƙashin Busiya ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su fice, ya ce ashe dai zaman aro ne. Korar ta tabbatar da cewa hukuma ce ke riƙe da takarda, amma cikin waɗanda aka loda a manyan motoci akwai haifaffun Kumasi da ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba, suka isa can suna baƙi. Zangunan ma ba su watse ba. Babban limamin Gana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, a Akra aka haife shi a 1919, kuma a 2017 gwamnatin ƙasar ta buɗe ma'aikata musamman domin raya zanguna.