Sadar da Intanet ta Wayoyin Lantarkin Gida

Gabatarwa

A gidajen da aka gina da bulo da kankare, siginar Wi-Fi kan raunana kafin ta isa ɗakunan nesa ko saman bene. Ɗaya daga cikin hanyoyin magance wannan matsala ita ce amfani da wayoyin lantarkin da ke cikin bango wajen isar da intanet. Mun tanadi wannan bayani ne domin jama'a su san cewa amfanin wannan hanya ya rataya ne a kan irin wayarin ɗin gida, don kada a sayi na'ura a tarar ba ta aiki.

Yadda take aiki

Ana buƙatar na'urori biyu aƙalla. Ana cusa ɗaya a soket kusa da rauta, a haɗa su da kebul, sannan a cusa ta biyu a ɗakin da ake son intanet. Wutar lantarki a Nijeriya bolt 230 ce, kuma tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa. Na'urorin kuwa suna ɗora saƙonninsu a kan wayar da kai-komo na miliyoyi, daga kimanin megahaz 2 zuwa 30, don haka wuta da saƙo suke tafiya tare.

Ƙa'idar HomePlug ta farko ta fito a shekarar 2001 da gudun megabit 14 a daƙiƙa. HomePlug AV ta biyo baya a 2005 da megabit 200, sai HomePlug AV2 a 2012. Akwai kuma wata ƙa'ida daban mai suna G.hn, wadda na'urorinta ba sa jituwa da na HomePlug. Lambar da ke jikin kwali iyakar gudu ce, kuma abin da ake samu a gida yakan yi ƙasa da ita sosai.

Ire-iren wayarin

1. Gida mai layin wuta ɗaya. A nan aka fi samun nasara, domin dukkan soket suna haɗuwa a akwatin rarraba wuta guda. Gudun yana raguwa gwargwadon tsawon wayar da ke tsakanin na'urorin.

2. Gida mai layi uku. Idan falo yana kan layi ɗaya, ɗakin kwana kuma yana kan wani, saƙo yakan tsallaka ne da ƙyar, wani lokaci ma ya yanke. Mai gyaran wuta zai iya mayar da soket biyun kan layi guda.

3. Gida mai janareta ko inbata. Idan makunnin sauya wuta yana mayar da gidan gaba ɗaya kan janareta, na'urorin za su ci gaba da ganin juna. Amma idan soket ɗaya yana kan inbata, ɗayan kuma yana kan wutar gari, saƙon yakan raunana matuƙa ko ya tsaya.

4. Gida mai tsohon wayarin. Haɗin waya da ya saki ko ya yi tsatsa yana rage gudu. Haka kuma manyan na'urorin AV2 suna amfani da waya ta uku mai zuwa ƙasa domin ƙara gudu, saboda haka gidan da ba a ja masa ita ba ba zai ci wannan moriya ba.

5. Gidan haya mai sassa da yawa. Mita ba kullum take tare saƙo ba, yana iya kaiwa sashen maƙwabci. Na'urorin suna da tsarin ɓoye saƙo na AES, amma sukan fito daga kamfani da kalmar sirri iri ɗaya. Wajibi ne a danna maɓallin haɗawa a jikin kowace na'ura domin ta sami sabon mabuɗi.

Abubuwan kiyayewa

A cusa na'urar a soket na bango kai tsaye, domin sitabilaiza da jonin wuta mai kariya daga hawan wuta suna shanye saƙon. A nisanta ta da cajar waya mai araha da injin jan ruwa, saboda suna jefa hayaniya a cikin layi. Masu sauraron rediyo a gajeren zango kuma su sani cewa zangon nasu ya yi daidai da na waɗannan na'urori, don haka suna iya jin ƙara idan rediyon yana kusa da wayoyin.

Shawararmu

Muna shawartar magidanta da shugabannin makarantu da ƙananan ofisoshi da su fara tambayar ƙwararren mai gyaran wuta layin da kowane soket yake kai. Kada wanda bai ƙware ba ya buɗe akwatin rarraba wuta. A kuma yi yarjejeniya da mai shago kan mayar da na'ura idan ba ta dace da gidan ba. Inda gwaji ya gaza, jan kebul daga rauta zuwa ɗakin shi ne mafita mafi tabbas.