Daga Zagin Sarki Zuwa Gudun Safiyar Hunturu

Dusar ƙanƙara ba ta sauka a ƙasar Damagaram, amma babu mai koya wa mutumin Garagumsa ɗari. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas takan kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta zuba mana, leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, asuba ta gagari mai alwala da ruwan randa. Can Bilma ma an taɓa auna sanyin da ya sauka ƙasa da sifiri. A irin wannan safiya ce muke ganin samari a gefen kwaltar Takeita, da hular sanyi da takalman gwanjo, suna gudu babu mai korar su. Kakanninmu da sun gani, sai sun tsayar da ɗaya sun tambaye shi ko lafiya.

Ba don ba su san gudu ba. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya riƙe Damagaram har 1884 kuma ya kewaye birni da ganuwa, ƙafa ce jarin talaka. Zagage suna gudu a gaban dokin sarki, dokin ya yi sauri su yi sauri, kuma abin kunya ne a bar zagi a baya. Manzanni suna kai saƙo tsakanin fada da garuruwan da ke biyan haraji. Lokacin ɗari kuwa shi ne lokacin motsi: an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, hanyoyi sun bushe, ayarin gishirin Bilma da Fachi ya gangaro kudu neman gero, fatake sun nufi Kano. Samari su fita farauta da karnuka da sanduna, a tayar da zomo a cikin karan dawa a bi shi har ya gaji. Da dare a yi langa da kokawa a dandali. Duk wannan gudu ne, amma kowanne da dalilinsa, kuma aikin yara ne da bayi da barori. Babban mutum ba ya gudu. Tafiya a natse tana cikin kamala, har yau ma ba mu rabu da wannan ra'ayi gaba ɗaya ba.

Gudu don gudu kawai ya samo asali ne a wani wuri mai nisa, kuma abin sha'awa shi ma daga farauta ya fito. Tun wajen 1830, 'yan makarantun kwana na Ingila, irin su Shrewsbury da Rugby, suna kwaikwayon farautar manyansu. A saki yaro biyu a matsayin zomo ko yanyawa, suna tafe suna watsa guntayen takarda, sauran su bi sawu a matsayin karnuka, cikin taɓo da ruwan sanyi da ƙanƙara. Yaron Garagumsa ya koma gida da nama, na Ingila ya koma da laka har gwiwa, amma na biyun ne ya rubuta dokoki ya fara duba agogo. A 1868 wasu 'yan tseren kwale-kwale na kogin Thames, waɗanda sanyi ke hana su shiga ruwa, suka kafa ƙungiyar gudu don kada jikinsu ya mutu kafin bazara. A 1903 aka yi gasar ƙasa da ƙasa ta farko a Hamilton da ke Sikotilan. Faransa ta shiga a 1907, kuma ba a daɗe ba ɗanta Jean Bouin ya ci gasar sau uku a jere, daga 1911 zuwa 1913.

Wannan tsere na ƙetare daji wasan sanyi ne tun haihuwarsa, kuma ranar da aka manta da haka an ji jiki. A wasannin Olamfik na Paris, cikin Yuli 1924, aka sake shi da tsakar zafi. Mutum 38 suka tashi, 15 kaɗai suka iso, Paavo Nurmi na Finlan a gaba, sauran suna zube a hanya. Tun daga nan aka cire shi daga Olamfik.

Mu kuwa ta bakin bindiga ya iso mana. A 1899 sojojin Faransa suka karya rundunar Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini, maƙwabciyar Garagumsa a kan hanyar birni, suka kafa bariki a Zinder, wadda ta zama hedikwatar mulkinsu daga 1911 har aka mayar da ita Yamai a 1926. A bariki ne aka fara ganin ƙarti a jere suna gudun asuba da umarni, sannan lakwal, wato makaranta, ta ɗauka, malami da usur a baki, yara suna zagaya fili. A nan wani abu ya juye wanda ban ga ana yawan lura da shi ba. Abin da Nasara ya ƙirƙira don ya jure mafi munin watanninsa ya faɗo daidai kan mafi kyawun watanninmu. Wa zai yi gudu a Afrilu, ma'auni ya haura 40? Da damina kuma kowa yana gona. Hunturu ne kaɗai ya rage, ga shi an koma lakwal tun Oktoba.

Daga nan 'yan Afirka suka fara ƙwace wasan daga hannun masu shi. Alain Mimoun, haifaffen Aljeriya, ya ci gasar ƙasa da ƙasa sau huɗu da rigar Faransa tsakanin 1949 da 1956. Rhadi Ben Abdesselam na Maroko ya ci a 1960. John Ngugi na Kenya ya ɗauki kambin duniya sau huɗu a jere daga 1986, sannan a 1992 ya ƙara na biyar a Boston, a filin da dusar ƙanƙara ta lulluɓe, ya bar 'ya'yan ƙasashen sanyi a baya. Da aka kawo gasar Mombasa a 2007, zafin gaɓar teku ya sa Kenenisa Bekele na Habasha, wanda ya shekara biyar babu mai kayar da shi, ya fita daga tseren bai ƙarasa ba.

A Nijar tseren bai samu irin wannan gata ba, domin lokacin ɗari yana da mai shi. Gwamnatin Seyni Kountché ta soma gasar kokawa ta ƙasa a Tahoua a 1975, kuma tun daga nan Takobi, kambin gasar, ya cinye hankalin jama'a a watannin sanyi. Filin kokawar Damagaram sunan ɗan kokawa Langa-Langa yake ɗauke da shi. Gudu ya zama bara a gidan kokawa da ƙwallo: ɗan kokawa ya yi shi cikin rairayi don ya samu numfashi, mai neman shiga soja ya yi shi don ranar gwaji. Duk da haka mun fitar da Abdou Manzo, wanda ya yi gudun fanfalaki a Olamfik har sau uku, a 1988 da 1992 da 1996, aikin da a ganina ba a yaba masa yadda ya kamata ba. Da Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a 2005, cikin Disamba aka yi su, a tsakiyar lokacin sanyi.

Sauyin baya-bayan nan daga asibiti ya fito. Hawan jini da ciwon suga sun sa likita yana umartar dattijo da abin da al'ada ta hana shi, har ka ga ma'aikaci mai furfura yana sassarfa bayan sallar asuba, ba ya jin kunyar kowa. Sai dai mai gudu a Turai santsin ƙanƙara yake tsoro, namu kuwa ƙura ce abokiyar gabarsa. Ranar da hazo ya yi kauri, mai gudu yana shaƙar ta ninkin mai tafiya, ga mura da tari, ga lokacin sanƙarau yana ƙaratowa. Shi ya sa rawanin da fatake ke rufe hanci da shi ya samu sabon aiki, kuma tun annobar korona ta 2020 takunkumi ya shiga kayan gudu.