Ƙafar da ke Ƙuna Ba Wuta: Ciwon Jijiya da Iyakar Maganin Gargajiya a Ƙasar Kunci

Kalmar jijiya a Hausa kaya uku take ɗauke da su: hanyar jini, da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da kuma zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Idan manomin Kunci ya ce jijiya ke damunsa, wanzami ta farko yake ji, sai ya ɗauko ƙaho don zuƙe mataccen jini. Maɗori ta biyu yake ji. Alhali sau da yawa ta ukun ce ta lalace, ita kuwa ciwonta daban yake: tafin ƙafa na raɗaɗi kamar an taka garwashi, cinya na mintsini kamar tafiyar cinnaku, da dare ko mayafi ya taɓa fata sai mutum ya zabura. A gida akan ce sanyi ne, ko amosani, ko iska.

Cikin cututtukan da ke haddasa wannan akwai wadda likitoci ke taƙaita sunanta da MS, wadda likitan Faransa Shako ya fayyace a 1868. Garkuwar jiki ce ke juyowa tana cin rigar da ke lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Ƙididdigar 2020 ta nuna kimanin mutum miliyan 2.8 ke fama da ita a duniya, akasarinsu a ƙasashe masu sanyi. A nan ba a cika samunta ba, ko da yake gano ta na buƙatar hoton MRI, wanda mutumin Kunci sai ya bi ta Bichi ya shiga Kano, zuwa irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kafin ya same shi. Abin da ya fi yawa a ƙauyukanmu shi ne lalacewar jijiya sanadin ciwon suga, da kuturta, da ƙarancin bitamin B12, da maganin tarin fuka isoniyazid idan ba a haɗa shi da bitamin B6 ba.

Duk da ƙarancinta, MS ta koyar da abin da ya shafe mu kai tsaye. A 1890 likitan ido ɗan Jamus, Uthof, ya lura ganin masu cutar na dusashewa idan sun motsa jiki, daga baya aka gane ɗumamar jiki ce sanadi: jijiyar da rigarta ta zaizaye takan kasa isar da saƙo idan zafi ya ƙaru. Mu kuwa da zarar an ce sanyi ne, da wuta muke tarbarsa: surace, gashi da ruwan zafi, wani lokacin har sakiya. Na taɓa ganin wani dattijo mai ciwon suga da 'ya'yansa suka tsoma wa ƙafafu a tafasasshen ruwan ganye, bisa tausayi. Bai ce uffan ba, don bai ji ba. Washegari fatar ta yi bororo. Ƙafar da ke raɗaɗi ita ce dai ƙafar da ta daina jin taɓi, kuma gyambo a irinta kan kai ga yankewa.

Ba ina cewa a yi watsi da gargajiya ba ne. Maganin asibitin ma rabin aiki yake yi. Farasitamol da diklofenak ba su cika taɓa wannan ciwo ba. Amitiriftilin da firegabalin kan rage shi ga wasu, na farkon ma sai an yi makonni ana sha. Wanda ya gaji da jira yakan ƙare a kemis yana neman tiramol, kuma kowa ya san abin da ƙwayar nan ta yi wa samarin Arewa. Saboda haka neman ƙari a gefe ba jahilci ba ne.

Magana ita ce wane ƙari. A 2014 ƙungiyar likitocin jijiya ta Amurka ta tace binciken da aka yi kan irin waɗannan hanyoyi ga masu MS. Ta sami hujja mai rauni cewa tausar tafin ƙafa na rage mintsini, ba ta ga amfanin harbin ƙudan zuma ba, ta kuma amince tataccen sinadarin wiwi na rage ciwo, wanda awo ne na likita, ba tabar da dokar Nijeriya ta haramta ba. A ganina ma'aunin da ya dace da ƙasar Kunci mai sauƙi ne: duk abin da bai ƙona fata ba, bai tsaga ta ba, bai kuma sa an ajiye maganin asibiti ba, a bar mara lafiya da shi. Tausa da man kaɗanya, tattaki da sanyin safiya, kauce wa ranar bazara, addu'ar da ke kwantar da hankali har barci ya samu, duk sun shiga. Tsaga da sakiya a ƙafar da ta mutu ba su shiga ba.

Wanzami ne mara lafiya ke fara gani, kuma shi ya kamata hukumar lafiya ta fara koyarwa. A asibiti da siririn zaren roba ake taɓa tafin ƙafa, mutum ya rufe ido ya faɗi inda ya ji. Ko da ɗan yatsa ana iya taɓa kan 'yan yatsun ƙafa a yi wannan gwaji, kafin a buɗe zabira.