Daga Janareta zuwa Sola: Wa Ke Biyan Kuɗin Hasken Titunan Dutse?

Lokacin da Janar Ibrahim Babangida ya cire Jigawa daga jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse hedikwatar ƙaramar hukuma ce kawai. A tsofaffin unguwanni irin su Garu da Limawa, da zarar an idar da sallar isha'i, hasken da ya rage a bakin hanya shi ne na aci-balbal ɗin mai tsire da fitilar ƙwai ta mai shayi.

A takarda dai babu gardama kan mai alhakin haska gari. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya lissafa fitilun titi cikin ayyukan ƙaramar hukuma, tare da hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa. Amma sashe na 162 ya ce kason ƙananan hukumomi ya biyo ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Duk wanda ya yi aiki a sashen ayyuka ya san abin da hakan ke nufi: gwamnatin jiha ke zaɓar titin da za a kafa falwaya, ƙaramar hukuma kuma ta ga lissafin a cikin kasonta.

Zamanin Gwamna Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, an rarraba ma'aikatu zuwa garuruwa irin su Haɗeja da Gumel da Kazaure, Dutse ta yi ta jiran tsammani. Magajinsa Sule Lamido ne ya dawo da su, ya shimfiɗa tituna masu tagwayen hannu, ya jera musu fitilu, aikin ya kai har hedikwatocin ƙananan hukumomi. Tun da wutar gwamnati ba abar dogaro ba ce, ko a hannun PHCN ko bayan KEDCO ta karɓa a 2013, sai aka jingina fitilun da janareta.

Nan aikin yake. Kowane layi yana da ɗan ɗakin injinsa a gefen titi, da ma'aikacin da ke tayar da shi da magariba ya kashe kafin gari ya waye, da ɗan kwangilar da ke kawo man gas. Waya ɗaya ce ta bi ƙarƙashin ƙasa ta haɗa falwayoyin, don haka in ɓarawon tagulla ya tone ta, ko mota ta tuge falwaya guda, layi sukutum sai ya yi ɗif. Tsofaffin ma'aikata kan gane an taƙaita mai ba tare da sun buɗe fayil ba: injin da ya saba kaiwa asuba ya fara yin shiru tun tsakar dare. Kuma da yake jan waya cikin lungu yana cin kuɗi, hasken ya bi kwalta da sakatariya da rukunin gidajen ma'aikata, cikin unguwa ya zauna a duhu.

Tashin farashin gas a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, ya ninka kuɗin da ake kashewa. Daga nan hankali ya karkata ga sola. Fitilar sola ba ruwanta da waya ko ɗakin inji: faranti a sama, batir, da ƙwan LED mai farin haske. Ana iya kafa ta a ƙofar masallaci, ko maƙabarta, ko bakin famfo, shi ya sa ƴan majalisa suka rungume ta a ayyukan mazaɓu. Inda za ta tsaya kuwa, sau da yawa mai unguwa da kansila da ƴan gaban goshin ɗan siyasa ne ke yankewa, ba injiniya ba.

Ita ma tana da nata ciwon. Ƙurar hunturu na lulluɓe faranti, zafin bazara na cinye batir, bayan ƴan shekaru sai fitila ta koma ƙyaftawa. Kuɗin da a da ake fitarwa wata-wata yanzu yana zuwa ne a dunƙule, ranar sauya batura, kuma wanda ya kafa ta ba lallai ne yana kan kujera ba.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. In aka aiwatar da shi yadda yake, batirin fitilar da ta mutu a Limawa zai koma kan teburin shugaban ƙaramar hukumar Dutse da kansilan mazaɓar.