Maƙalar Mako: Daga Waken Kalaba Zuwa Idon Kaka

Wanda ya taso gaban kaka ya san maganar nan tata bayan magariba: "Kai, matso min da fitilar nan." Mukan ɗauka rigimar tsufa ce. Ashe dalilin yana cikin ƙwayar ido, wato baƙin ɗigon tsakiyar ido wanda haske ke shiga ta cikinsa, kuma an daɗe ana bin sawun abin da ke buɗe shi da tsuke shi.

Fiye da shekara dubu da suka wuce, likita Abubakar Ar-Razi na Bagadaza ya rubuta cewa ƙwayar tana tsukewa a haske, tana buɗewa a duhu. Daga baya matan Italiya suka riƙa ɗiga ruwan tsiron beladona don ta buɗe, a ce suna da kyau. Daga tsiron ne aka ciro maganin atirofin a Jamus a 1831.

Kishiyarsa daga ƙasarmu ta fito. Mutanen Efik na Kalaba suna da wani wake mai dafi da ake ba wanda ake zargi da maita. A 1863 likitan ido Argyll Robertson na birnin Edinburgh ya nuna cewa ruwansa yana tsuke ƙwayar ido, kuma a 1876 aka fara maganin hawan jinin ido da shi.

Awon tsufa kuwa sai da na'ura ta samu. A shekarun 1950, a New York, Otto Lowenstein da Irene Loewenfeld suka ƙera na'urar auna ƙwayar ido cikin duhu. Awo ya nuna ta matashi takan buɗe kusan milimita 7, ta mai shekara 70 kuwa takan tsaya wajen 5, saboda tsokar da ke buɗe ta ta yi rauni. Ka ga hasken da ke shiga ya ragu da kusan rabi. Ciwon suga da magunguna irin su kodin suna ƙara tsuke ta.

Don haka a haskaka wa tsofaffi zaure da hanyar banɗaki, kada su faɗi. Kada a ɗiga musu maganin ido sai da izinin likita. In ƙwaya ɗaya ta fi ɗaya girma farat ɗaya, a garzaya asibiti.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.